Kurciya a Madubi

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da takwarata. Ki ja mini kumatunta, ki ce mata mai sunan na nan tafe.

Kin tambaya ko har yanzu ina zanen 'yan tsuntsaye, kamar yadda kike tsokanata. To, bakinki ya bi ni. Wani mutum mai zobba a yatsu ya kawo mana aiki shago. Zai buɗe kamfanin maganin tari na yara, yana son tambari. Ya ma zo da zanensa a 'yar takarda: kurciya tana duban hagu, da ɗigo a bakinta. Oga ya ce nawa kawai in gyara layuka in sa launi.

Marigayi malaminmu ya koya mana cewa ba a sallamar zane sai an nuna shi a madubi, domin ido yana sabawa da karkata, madubi kuwa ba ya kara. Ina ɗaga kurciyar, ta juya dama, sai na matso na ƙara dubawa. Na santa.

Da na koma gida na sauko da ƙaton littafin da ya bar mini, na tarihin tamburan kamfanoni, wanda kika ce ya fi kyau da danne ƙofa. Akwai babi na tamburan da suka mutu. Kurciyar tana ciki, Yaya, tana duban dama. A ƙarƙashinta an rubuta cewa ta wani kamfanin maganin tari ce da aka rufe tun muna ƙanana, bayan yara da yawa sun sha ƙodarsu ta lalace. Masu shi kuma ba a taɓa kama su ba.

Na gaya wa kaina kama da wane ba ta wane. Amma har 'yar tsagar da ke wutsiyarta iri ɗaya ce. Gobe zan nuna wa Oga.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan gajiyar aiki ta bi lafiya, takwarata kuma tana ta ƙiriniya.

Oga ya duba shafin ya yi dariya. Ya ce kurciya ko'ina kurciya ce, kuma ina ruwan biri da gada, mu masu zane ne ba masu haɗa magani ba. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya kwashe maganar ya kai wa mai zobba, wai don su yi raha.

Mutumin ya zo da kansa. Ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba, kuma ban taɓa jin tsoron ladabi ba sai ranar. Ya zauna a kujerata, ya yi ta buɗa littafin a hankali yana yaba takardarsa. Ya tambayi unguwar da nake, da ko ni kaɗai nake zaune. Sannan ya roƙi aron littafin, Oga ya miƙa masa kafin in buɗe baki. A hirarsu na ji yana cewa mata ba sa karanta sunan magani, cewa suke a ba su mai hoton abu kaza. Sai na gane lissafinsa. Tsofaffi sun riƙe tsuntsuwar, sun manta labarin.

Littafin ya dawo a naɗe cikin takarda mai kyau, yana ƙamshin turarensa. An yanke shafin da reza, yanka mai tsafta, wanda bai sani ba ba zai lura ba.

Na ƙi ba da zanen. Oga ya jira na fita salla ya kwafe shi daga kwamfutata. Na je ofishin masu kula da magunguna, suka saurare ni da kyau, suka ce in kawo shaida. Na zaga masu sayar da littattafai, duk sun ce an daɗe da daina buga shi. Akwai kuma wata farar mota da ta koyi tsayawa a bakin layinmu, gilas a rufe. Ba zan ɓoye miki ba, a tsorace nake.

Abin da ke kwantar mini da hankali, Oga ya ce maganin ba zai fito ba sai baɗi. Kafin nan zan samo wani kwafin, in Allah ya yarda. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya. Tun safe nake kiran wayarki da ta maigidanki, ba sa shiga, shi ya sa na ba direban motar farko.

Ba baɗi ba ne. Mai buga mana takardu ya ce kwalaben a cike suke tuntuni, takardar mannawa kawai suke jira. Tuni an loda su.

Na ga hoton da maigidanki ya turo mini jiya, na takwarata a cinyar surukarki, a ɗakin da kike barinta in za ki aiki. Ta yi kyau cikin jar rigar. Na ƙara girman hoton don in ga haƙoranta, sai na ga taga a bayansu. Akwai kwalba a kai, da kurciyar a jikinta. Layukan nawa ne, launin ma ni na zaɓa. Maganin da ya rage a ciki bai kai rabi ba.

Kada ki yi wa tsohuwa faɗa, abin da ta sani ta nema. Ki ɗauke kwalbar, kada ki zubar, ki tafi da ita da yarinyar asibiti yanzu, ko da tana wasa tana dariya. Ina biye a mota ta gaba.

Kafin ki fita, ki tambayi surukarki yaushe rabon yarinyar da fitsari.

Allah ya tsare mana ita.

Ƙanwarki,
Auta