Kwamfutar da ke mutuwa da Azahar

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan Isha'i

Kwana uku ke nan ina zarya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu saboda 'yar manhajar gwajin da na ɗora wa babbar kwamfutar injin casar shinkafar Alhaji Bawa. Aikinta kawai ta sa ido, in kwamfutar ta tsaya ta aika saƙo wayarsa. Kullum ƙarfe biyu sai ta ce kwamfuta ta mutu, in an duba a tarar da ita garau.

Da safe Alhaji ya kira ni: "Injiniya, wanga ɗan rahoto naka maƙaryaci na. In ya ƙara gobe, ka kwashe kayanka, na fasa aikin."

Na bi saitin layi-layi, na karanta littafin bayaninta har idona ya yi ja. Babu kuskure. Sai na ja kujera na tsare kwamfutar. Ana kiran Azahar, Malam Ige mai share ofis ya shigo yana kashe soket ɗaya bayan ɗaya, har da na kwamfutar.

"Haba Malam Ige!"

"Yallaɓai, ban barin wuta kunne in za ni masallaci. Gobara ba ta sallama. Ai in na dawo ina kunnawa."

Duk bokona, ashe maganin salatif ne. Na liƙe soket ɗin. Ya ce in wuta ta tashi, sunana zai faɗa. Na ce ya faɗa, in dai gobe wayar Alhaji ta yi shiru.