Hular da Zanenta Ya Ƙi Tsayawa

Zuwa ga Yaya Safiyanu,

Assalamu alaikum, ya sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko! Ya wanda in an ambaci sunansa a gidanmu sai in sunkuyar da kai in yi kamar allura ce ta faɗi a tabarma. Ina gaishe ka gaisuwar da bakina bai taɓa iya kai ta ƙarshe a gabanka ba. Yaya shago, yaya su Inna? Ƙanwarka Nasiha ce za ta kawo maka wannan takarda. Na roƙe ta kada ta buɗe, amma ka san halinta.

Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya. Abin da ke raina ya fi ƙarfin abin da na iya rubutawa, amma in ban rubuta yau ba, babu sauran lokaci.

Na gaji, Yaya. Ba da kai na gaji ba, wa ke gajiya da ruwan randa? Jira ne ya gajiyar da ni. Yatsuna sun gaji, idona ya gaji, zuciyata ta yi laushi kamar ganyen rama da ya yini a rana.

Ka tuna ranar da na zo gidanku karɓar zare wurin Nasiha? Da la'asar ne. Ka dawo daga shagon gyaran waya, ka baza tarkacenka a tabarma: guntayen wayoyi, kayan cikin tsohuwar rediyo, da gwangwanin madara da ka jera wa ƙananan fitilu. Ka ce in an yi magana kusa da shi sai fitilun su kama. Nasiha ta yi magana, suka kama har da rawa. Innarku ta yi tari daga madafa, suka kama. Ni na ce "ina yini", ko ɗaya bai motsa ba. Nasiha ta fashe da dariya ta ce, "Batulu, ko gwangwani bai san kina duniya ba!" Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai ba ka yi dariya ba. Ka murɗa wani ɗan abu a cikin gwangwanin, ka ce in sake. Na sake, sai wata 'yar koriyar fitila ta kama. Ka ce, "Ba muryarki ce ƙarama ba, kunnensa ne ban gyara ba." Wayyo! Tun da aka haife ni ake ce mini in ɗaga murya. Kai kaɗai ka gyara kunne. A wurin nan na bar zuciyata, har zaren da na zo karɓa na manta.

Ran nan ne ka nuna mini ɗaya abin, wanda kake rubuta wa tsohuwar kwamfutarka umarni ta yi zane da kanta. Ɗigo ɗaya ya fito a tsakiya, ya yi reshe, reshen ya yi 'ya'ya, har fuskar kwamfutar ta cika. Na ce ya yi kama da hanyoyin tururuwa a yashi bayan ruwa, ka ji daɗi har ka kira Nasiha ta ji. Da ka ji ina ɗinkin hula, ka sa abin a wata tsohuwar waya ka aiko mini, ka ce in ɗinka wanda na fi so. Ka ce ba a taɓa sa hula mai irin zanen nan ba a duk Birnin Kudu.

Na zaɓi wani mai kama da reshen kuka. Ka san yadda muke aiki: sai an zana a ƙyalle da biro tukuna, sannan allura ta bi. Naka ba ya maimaita kansa kamar zanen hulunan kasuwa, don haka kaɗan-kaɗan nake kwafa, in zana taƙi ɗaya in ɗinke, in sake zana taƙi ɗaya. Na kusa rabi, sai na ga gashin zare ya kwanta a gilashin wayar. Na sa gefen hijabina na goge, yadda nake goge madubi. Shi ke nan! Reshen kuka ya ɓace, wani zane ya tsiro a gurbinsa. Ba ka gaya mini cewa taɓawa ɗaya ke canza shi ba. Na taɓa, na sake taɓawa ko zai dawo, kowane taɓi da sabon baƙo. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka.

Da Nasiha ta gaya maka, ta ce murna ka yi. Wai ka ce ai daɗin abin ke nan, ba ya haifar abu ɗaya sau biyu. Ka koya mata yadda zan ɗauki hoton zane in ajiye, na koya, na warware ɗinkina na fara wani. Ban yi nisa ba sai ga saƙo: in dakata, ka gyara umarnin, yanzu rassan sun fi lanƙwasa. Na warware. Sai kuma ka ƙara launi. Na warware. Na ƙarshen da ka aiko motsi yake yi, yana buɗewa yana rufewa kamar furen bado. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, na daɗe ina kallo. Amma ya hasken safiyata, ta yaya allura za ta bi abin da ke tafiya? Yayata Hidaya ta ɗaga ƙyallen a rana ta ce, "Wannan hula ce ko rariya? In mai ita ya sa, ai sai ruwa ya tace masa kai."

Ba don hula na rubuto ba. Ga maganar.

Idon Dada, kakata ta Kwandiko, ya ƙara rauni, ba ta iya hura wuta ita kaɗai. Ni za a kai in zauna da ita, kuma da son raina zan tafi, don ita ta goye ni. Ranar Asabar mai zuwa Kawu Ɗanbala zai zo ya tafi da ni. Ka san gidan Kawu, inda Dada take zaune, ba irin namu ba ne. Babu saurayin da zai tsaya a ƙofarsa sai wanda Baba ya aika da sunansa. Can babu Nasiha da zan fake da karɓar zare a wurinta. Waya ma sai an hau tudun bayan makaranta take kamawa, kuma ba za a bar ni in je ba. In na tafi ba ka zo ka gaida Baba ka nemi izini ba, ba ka da hanyar zuwa wurina, ni ma ba ni da hanyar zuwa wurinka. Kwandiko ta ƙasar Gwaram ba nisa gare ta ba, amma ƙofar da ba a buɗe maka ba ta fi Makka nisa.

Tun shuka kake cewa za ka zo. Ka ce sai ka gama abu ɗaya da za ka nuna wa Baba, don kada ya ɗauke ka mai wasa da wayoyi. Da farko abin korar tsuntsaye ne. Da ya yi aiki ka ce kukansa bai yi ba. Sai fitilar da ke kama kanta in duhu ya yi. Da ta kama ka ce sai ta riƙa canza launi. Yanzu na ji wai abin da zai gaya wa manomi ƙasa ta bushe kake haɗawa. Gero ya yi kai, an fara yanka, kai har yanzu kana gyara. Yaushe abu ke gamuwa a hannunka? Akwai ranar da kogi zai ce ya gama gudu?

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Baba ya riga ya ga aikinka. Gonarmu ta Surko tana iyaka da ta baffanka, inda ka kafa abin korar tsuntsayen. Baba ya dawo gida yana dariya, ya ce wa Innarmu tsuntsayen jan-baki sun gudu da farko, daga baya suka dawo suka sauka a kansa suna hutawa. Ina daka, na ji kamar in bar taɓaryar in gudu. Sai ya daina dariya, ya ce, "Amma yaron nan yana da kai. Sai dai ban san gidansu ba." Yaya, Baba ya san gidanku sarai, sahu ɗaya yake sallah da mahaifinka. Ka gane abin da yake nufi. Ba inji yake jira ba, sallamarka yake jira.

Ni ban raina aikinka ba, kada ka taɓa zaton haka. Ina son yadda kake manta abinci in kana haɗa waya da waya. Ina son ƙunar dalma da ke yatsanka. In mutane sun ce ɓata lokaci kake yi, raina ke ɓaci, ko da ban iya ba su amsa ba. Ka ci gaba da gyara zanenka har tsufa, ka sa shi ya yi fure, ya yi rawa, ya yi duk abin da kake so. Abu ɗaya nake roƙo kada ka jira ya yi kyau tukuna, shi ne zuwan nan.

Na daina warwarewa. Ƙyallen ba zai ɗauki wata warwara ba, ni ma haka. Na bar rabin zanenka mai launi da na riga na ɗinka yadda yake, sauran na zana daga kaina, da abin da na tuna na reshen kukan nan na farko. Na gama jiya. Hular tana hannun Nasiha tare da wayarka. Inda zanenka da nawa suka haɗu bai daidaita ba, in ka sa, sai ka juya wurin ya koma ƙeya.

Ya ruwan da gonata ke jira, ya tauraron da nake dubawa in na fito alwalar asuba, in ka zo, alhamdu lillahi. In ba ka zo ba, ba zan iya daina sonka ba, na gwada tunanin haka na kasa. Zan zauna gaban murhun Dada da sonka a ƙirjina kamar garwashi cikin toka, ba mai gani, ba mai ɗiba. Amma ka tausaya mini, kada ka bar ni da wannan.

Baba yana zama gindin darbejiyar ƙofar gida kullum bayan la'asar, har ranar Juma'a. Ka zo da baffanka, kada ka zo da jakar tarkace. Ka zauna ta daman Baba, ka yi sallama da ƙarfi, kunnensa na hagu ba ya ji sosai.

Taka a Birnin Kudu, taka a Kwandiko, taka har inda numfashi ya tsaya,

Batulu