Baba Ya Saurari Dogo

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, babu wanda ya ragu.

Maganar tsohuwar masana'antar bulo ce ta sa na ɗauki biro. Kana tuna ta dai: jan bangon nan mai kaurin bulo uku, tagogi goma sha biyu masu lanƙwasa, da bututun hayaƙin da muke kira Dogo. Kana tuna yadda muke kai wa Baba abinci, mu jingina da bangon tanderu don ɗumi, mu koma gida jajur Inna ta bi mu da tsintsiya? Kai ne gwanin gudu, ni ce mai shan duka. Ban yafe ba har yau.

To, sababbin masu wurin za su mai da shi ɗakin taro, amma injiniyarsu ta ce sai an sauke Dogo. Unguwa ta tashi tsaye. Tsofaffin ma'aikata suka zo suka ɗauki Baba, suka ce shi ya ɗora bulon da hannunsa, shi zai ƙaryata ta. Na bi su ina riƙe da sandarsa.

Ka san yadda yake gwada bulo, ya ƙwanƙwasa da cokalin gini ya kasa kunne. Haka ya bi bangon yana yi, ko'ina ƙarar tana fita tas kamar ta faranti, yana ta murmushi. Ya nuna wa injiniyar layin da suka tsaya shekarar da aka haife ka, inda launin ƙasar ya sauya. Har rubutawa take yi. Da muka isa gindin Dogo ya buga sau ɗaya, ya zagaya ya sake bugawa. Ni kaina na ji bambancin, Yaya, ƙarar ta mutu. Ya daɗe da tafinsa a jikin bulon. Sannan ya ce yarinyar nan ta fi su gaskiya, ruwa ya gama cinye shi ta ciki, a sauke shi kafin ya faɗo wa 'ya'yan mutane.

Abokansa sun yi fushi, har Kawu Direba ya daina zuwa hira. Ni dai tausayin Baba ya hana ni sukuni. Abu ɗaya ya roƙi injiniyar, kada a sa wa Dogo motar rusau, a bi shi da hannu daga sama, layi-layi, yadda aka ɗora shi. Ta amince. Za a fara ranar ɗaya ga wata.

Inna tana gaishe ku, haka Gwaggo da Mai Shago. Baba ya ce kada in takura maka, ya san aiki ya yi maka yawa. Amma jiya ya sa na wanke masa tsohuwar rigar aikinsa, ya tambaye ni ko tawa kafaɗar za ta iya riƙe shi wuni guda a tsaye. Ba za ta iya ba, Yaya. Ka zo.

Ƙanwarka,
Auta