Rawanin Rhissa

Litinin, 3 Maris 1958

Sansanin Nasaru masu neman dutsen ma'adini, kusa da Gougaram. Likita na murna kamar an yi masa haihuwa. Shi dama ba gyambo ya kawo shi daji ba, binciken ƙaiƙayi da cututtukan fata yake yi. Yau Rhissa, jagoran Nasaru, ya shigo bukkarmu idanunsa a kumbure. Da ƙyar ya sauke amawalinsa, sai da na juya baya. Buzu ya buɗe baki gaban mutane? Fuskar ta saɓule, ruwa kawai take yi. Ni ne tafinta, ni ne mai wanke ciwo, amma sai da na kau da kai.

Alhamis, 13 Maris

Likita ya manna masa ƙyallaye a baya da filasta. Inda aka sa guntun rawaninsa ne kaɗai ya tashi, ja zur. Wai ba shunin ganyen baba ba ne, shunin kanti aka haɗa a rinin. An ce ya koma farin rawani. Ya ce, "Malam Muktari, surukina Akoli ya ba ni shi fa." Na ce na sani, ka yi haƙuri.

Juma'a, 28 Maris

Ya warke sumul! Matarsa Dassin ta aiko min da cuku.

Asabar, 19 Afrilu

Jibi Salla. Likita ya ce malamai a Dakar ba za su yarda ba sai ciwon ya dawo a gabansa ya ɗauki hoto. Wai Rhissa ya sake naɗa rawanin turkudin nan na surukinsa, kwana biyu kacal. Na ce Likita, ai ya riga ya warke. Ya ce aikina fassara. To, na fassara. Rhissa har da dariya: "Ashe Nasara ya san Salla!"

Laraba, 23 Afrilu

Kwana biyu ina! Dangin matarsa sun sauka, wa zai cire kyautar suruki gaban suruki? Ya yi ta zama da shi cikin rana da gumi. Yau a raƙumi aka kawo shi, idon hagu ya rufe ruf. Likita ya ɗauki hoto ta gaba, ta gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce abin ya fi yadda ya zata. Da la'asar ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Agadez, daga can sai taro a Dakar. Ya bar min ruwan wanki da ragowar allurai.

Lahadi, 27 Afrilu

Allurai sun ƙare. Mugunya. Ina wankewa yana cije leɓe.

Talata, 6 Mayu

Dassin ta tsaya bakin bukka: "Kai ka ce ya sa." Ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Na fara cewa ai ba ni ba ne, sai na fasa. Da bakin wa ya ji?

Baƙin idon ya yi fari fat. Ba abin da na iya. Na yi kuka a bayan bukka, ni da gemuna.

Laraba, 4 Yuni

Nasaru sun ɗauki wani jagora. Wai mai ido ɗaya ba ya ganin sawu da kyau.

Asabar, 11 Oktoba

Likita ya dawo, ya yi ƙiba. Ya nuna min mujallar likitoci, ga fuskar Rhissa a buɗe, baki da hanci, duniya na kallo. Ya ce har Faransa ana ambaton aikin, ana koyar da ɗalibai da shi, mutane da yawa za su amfana. Mai yiwuwa gaskiya ne. Ya tambayi labarin Rhissa, na gaya masa, ya ce abin takaici. Sannan ya ce yana son mutum goma masu irin wannan.

Talata, 14 Oktoba

Illi makiyayi ya tare ni a rijiya yana sosa wuya, shuni har kunne. Na ce ya sa fari, kada ya sake naɗa wancan ko da Salla, ko wa ya ce masa. Na raka shi ta bayan garke, hanyar ta fi kusa, shi ke nan.

Da na koma Likita ya ce, "Akwai mai ƙaiƙayi yau?"

Na ce babu. Na ci gaba da dafa allurai.