Kwanon Goggo Asabe Ya Dawo Babu Komai

Zuwa ga ƙanena Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya a can Iraƙi. Mama tana gaishe ka, lafiyarta ƙalau sai ciwon ƙafar nan da ka sani. A fili nake rubuta maka, domin maganar ta riga ta zama ta layinmu gaba ɗaya a Sabon Gari.

Hoton da ka aiko ya iso. Ka yi kyau, ban hana ka ba. Kaki ya zauna maka, bindiga a ƙirji, tutar Amurka a kafaɗa. Sai da na yi dariya har da hawaye. Wai kai ne soja, kai da in za a yanka kaza sai ka ɓuya bayan ɗaki! Da ka ci cacar bizar nan, mu duk mun ɗauka karatun injiniya za ka.

To ga abin da Mama ta yi da hoton. Ta kai shi wurin masu buga takardu a unguwar PZ aka yi mata kalanda tuli, kai a tsakiya, a ƙasa an rubuta godiya ga Allah. Ban sani ba sai ranar Kirsimeti. Ka san al'adarta, kowane gida a layin sai an kai masa shinkafa da nama. Bana kowane kwano ya tafi da kalanda a kan murfinsa, har na gidan Goggo Asabe.

Goggo Asabe fa, Ishaya. Matar da ta goya ka lokacin da Mama ke kwance a asibiti, wadda kowace Babbar Sallah cinyar ragonta tamu ce. Shekara talatin kwanonmu bai taɓa dawowa daga gidanta wayam ba, ko ƙuli-ƙuli ne sai ta zuba. Wannan karon ya dawo a wanke, babu komai ciki, da kalandar a naɗe a kai. Tun ranar ba ta leƙo mu ba. Mama ta rame, sai tambaya take, ita me ta yi, ai ɗan nasu ne su biyu.

Mama ba ta sauraron labarai. Goggo kuwa rediyonta na kusa da murhu, kullum da safe tana jin an jefa bam a unguwa kaza a can Iraƙi, an tono yara daga ƙarƙashin gini.

A wasiƙarka ka ce kun je 'yantar da mutane ne. Haba ƙanena! Shekara nawa ina koyar da labarin ƙasa a Samaru? Ɗauko taswira ka duba inda jiragen yaƙin Amurka ke tsayawa, sannan ka duba inda rijiyoyin man fetur suke. 'Yan aji ukuna ma sun gano wannan. Azzaluman shugabanni sun cika duniya, wasunsu nan maƙwabtaka da inda kake, kuma aminan Amurka ne. Su nasu mutanen ba sa son 'yanci? Makaman da aka ce an ɓoye, kun gan su? Ban ce kai mugu ne ba. Cewa nake wanda ya aike ka ya san abin da ya je nema, kuma ba kai zai gaya wa ba.

Jiya na je gidan Goggo da kaina. Tun a hanya na shirya jawabi, zan nuna mata ni ma ba na goyon bayan yaƙin nan. Ko bari in fara ba ta yi ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce ita babu ruwanta da Amurka da fetur ɗinta.

Ta ce, “Rifkatu, kullum in na idar da sallah ina roƙon Allah ya kare mutanen can daga masu bindiga, ina kuma roƙonsa ya kare mini Ishaya. Da na ga hoton nan sai bakina ya kasa haɗa biyun. Ki tambayar mini shi, ya taɓa harbin wani? In a'a ne, gobe zan ci abincin gidanku. In kuwa e ne, ya faɗa mini da kansa, in san abin da zan roƙa masa.”

Ka san ni da baki, ba na rasa amsa. Na so in ce mata na san ƙanena, ba zai aikata ba. Sai na ga ni kaina ban tabbata ba, kuma abin ya yi mini zafi ƙwarai.

To ga shi na tambaye ka. Kada ka aiko mana da bayanin manyanku. Goggo za ka rubuta wa, da Hausa, ni zan karanta mata a gaban Mama, ba zan sauya ko kalma ɗaya ba. Ko me ka rubuta, kai ƙanena ne, kuma ina ƙaunarka.

Allah ya tsare ka, ya tsare duk wanda zai tsaya a gaban bindigarka, ya dawo mana da kai gida. Amin.

Yayarka,
Rifkatu
Sabon Gari, Zariya