Ta Nuna Layin, Na Ce Ta Zauna

Malam Kyari, don Allah ka taimake ni, na gaji.

Ni mushe ne, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko, a Zango, nan Damagaram, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da manyan yara masu shirin jarrabawa. In mun karanta labari da Faransanci, nakan tambaye su abin da yake koyarwa, kuma su nuna mini inda ya faɗi haka. Amsarsu kullum haƙuri. Labarin kura, haƙuri. Labarin jirgin ruwa ma haƙuri. In na nemi shaida sai su zuba mini ido, suna jira in rubuta a allo su kwafe cikin kaye, littafinsu na rubutu.

Watan jiya mai duba makarantu, wani Bature, ya zo ya zauna bayan aji. Muna kan labarin manomin da ya cinye irinsa kafin damina. Littafin malamai ya ce darasinsa rashin tanadi. Lubabatu, 'yar ƙauyen Dakusa da ke zaune wurin gwaggonta, ta ɗaga hannu ta ce ita tausayin uba ta gani. Ban ma tambaye ta ba, ta aza yatsa a layin da ya ce 'ya'yansa sun kwana biyu ba su da ƙarfin kuka. Na dubi Baturen, tsoro ya kama ni, na ce ta yi kuskure, ta zauna.

Ya rubuta mini yabo. Ita kuwa ba ta ƙara magana a aji ba. Ana ta cewa mulkin kai ya kusa, lakwal za ta dawo hannunmu, ni ko takardar barin aiki nake tunanin rubutawa.

Mushe mai gajiya, Zango

Ɗan'uwana mushe,

Ban ga laifinka a kan jin tsoro ba, kana da iyali, kuma alƙalamin mutumin yana iya tura ka daji. Amma shekara goma sha ɗaya kana neman yaron da zai aza yatsa a layi, ranar da aka samu ka zaunar da ita, sauran yara suna kallo.

A gabansu abin ya faru, a gabansu za ka gyara. Ka buɗe shafin, ka ce ka sake dubawa, shaidar Lubabatu tana nan. Sannan ka raba ajin biyu, masu cewa rashin tanadi da masu cewa tausayi, kowa ya kawo layi biyu, ya faɗi yadda suke goyon bayan maganarsa. Wanda Faransanci ya sarƙe masa, ya fara da Hausa. Ka daina rubuta darasi a allo sai sun gama gardamarsu. Wanda ya ce haƙuri, kada ka hana shi, ka ce ya nemo.

Watakila ba za ta buɗe baki a makon farko ba, kada ka matsa mata. Takardar barin aiki kuma ka ajiye ta, in Turawa sun tafi waɗannan yaran ne za su karanta mana takardunmu, kuma muna son masu tambayar inda aka rubuta.

Allah ya sauƙaƙa maka, ya yi wa yarinyar albarka.

Malam Kyari