Jan Fenti a Jikin Durumin Tasha

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gyaran Tasha, Ƙaura Namoda.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Sunana Sule, tela ne ni. Kekena yana gindin durumin da ke bakin tasha, wanda ma'aikatanka suka shafa wa jan fenti ranar Talata. Na tambaye su, suka ce sare shi za a yi a jera shaguna. Tun ranar allura ke sukata a yatsa kamar sabon koyo.

Ga dalilan da suka sa na rubuto maka. Na ɗaya. Mu mutanen wani ƙauye ne bayan Gurbin Bore. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, yayana Ummaru ya tura ni gaba da mata, shi ya koma kwance shanu. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ita ce, "Ku tahi. Wanda duk ya tsira, mu gamu gindin durumin tashar Ƙaura." Damina uku ke nan. Ba mu ga gawa ba, ba a kira mu neman fansa ba. Matarsa Hajo ta rasa ko takaba za ta yi ko jira. Ummaru ba ya karatu, bai taɓa riƙe waya ba. Duk faɗin garin nan, iccen nan kaɗai ya sani.

Na biyu. Kada ka ce mafarki nake. Bara wata tsohuwa da muka riga muka yi wa addu'ar uku ta sauko daga motar Shinkafi, ƙafa ba takalmi, tana tambayar inda durumi yake. A nan ta iske ɗiyarta tana sayar da fura. Ni na ba ta ruwa da hannuna. Tun daga ranar, duk motar da ta tsaya sai ƙafata ta saki keke, in bi masu saukowa da ido ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa nakan hango dogon mutum da sanda a kafaɗa, in miƙe tsaye, in ya juyo sai in ga ba Ummaru ba ne.

Na uku. An ce mun cika wurin da zaman banza. To, ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu takwas muke a ɗaki ɗaya na kwano, wanda da azahar ko akuya ba ta yarda ta shiga. Akwai mata a cikinmu da ko tayar mota ta fashe sai su zube ƙasa. A inuwar nan kaɗai nake ganin sun yi gyangyaɗi. Ofishinka akwai fanka, Allah ya ƙara sanyi. Mu tamu fankar ta ganye ce.

Roƙona shi ne a ja shagunan baya kaɗan, a bar durumin da ɗan filinsa. Mu za mu riƙa sharewa, mu dasa dogon yaro a gefen titi mu ba shi ruwa.

In kuwa ba makawa sai an sare, don girman Allah a bar kututturen ya kai ƙugu, a bar ni in zauna kusa da shi. Na san halin yayana, ba ya tambayar baƙo hanya. In ya sauko ya ga shaguna, zai ɗauka babu wanda ya tsira, ya koma cikin motar.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da jiran wanda ba ka san ko yana raye ba.

Wassalam.

Sule Tela,
bakin tasha, Ƙaura Namoda.